Malam Ba-Komai a Ƙofar Dutse

Mahaifina kafinta ne, kuma a layinmu ba mai kiransa da sunansa na yanka. Malam Ba-Komai ake ce masa. Ka kawo masa kujerar da wani ya haɗa ta karye ka ce ya duba maka, ba komai. Ka ari zartonsa ka dawo da shi haƙora biyu sun fita, ba komai. Wani direba ya taɓa ja da baya ya tumurmushe ƙofofi uku da Baba ya jingina a bakin shago fenti yana bushewa, Baba ne ya fara zagayawa ya duba ko fitilar motar ta fashe. Na taɓa zama a shagon daga buɗewa har tashi ina ƙirgawa, sau ashirin da uku ya faɗi kalmar. Da na gaya masa ya ce ba komai, ta zama ashirin da huɗu.

Ni kuwa Akawu yake ce min, don tun ina ƙarama ba na iya ganin abu ban ƙirga shi ba. Ina da shagon kwafi da buga takardu, ƙofa biyu tsakaninsa da nasu: injin kwafi ɗaya, kwamfuta uku, da fanka mai ƙarar tsiya. Nasu nake cewa domin shagon kafintan na mutum biyu ne, Baba da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baba Ƙarami. Baba ne ya koya masa riƙe guduma, amma baƙon da ya shigo zai ɗauka Baba Ƙarami ne mai wurin, don shi ke da murya. Baba yana can lungu, fensir a bayan kunne, garin katako a gira, yana ta goge abin da kowa ya riga ya ce ya yi kyau.

Na ukunsu a shagon shi ne Yayana, ɗan fari, wanda hannunsa ya fi nasu su biyun, kuma duk layin an sani. Suna da wata hanyar aiki da suka gada daga maigidan da ya koya wa Baba: ba sa rubuta awo. Ɗaya ya riƙe bakin tef, ɗaya ya karanta, in an dawo shago a faɗa wa mai yanka da baki. Na sha gaya musu takarda ba ta cizo, har na taɓa kai musu guda hamsin kyauta, suka riƙa goge gam da ita.

Wata rana wani mai gidan abinci ya kawo katakonsa mai tsada, a yi masa kabad ɗin da zai cike bango guda. Baba ya riƙe bakin tef, Baba Ƙarami ya karanta, suka dawo ya faɗa wa Yaya, Yaya ya yanka. Da aka kai kabad aka jingina, sai ga rata tsakaninsa da bango, hannu yana shiga har ya juya. Mai kaya ya biyo su shago yana faɗa, maƙwabta suka taru. Nan Baba Ƙarami ya ce yaron nan wasan kwamfuta ya cinye masa ƙwaƙwalwa, an faɗa masa abu ya yanka wani, ya ɗauki tef ɗin ya jefe shi da shi a ƙirji.

Yaya bai kalle shi ba. Baba ya kalla.

"Baba, kai ka riƙe bakin tef, kuma kana tsaye ya faɗa min. Nawa ya ce?"

Baba ya dubi ƙaninsa, ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba komai. Ku yi haƙuri dukanku, katako ne."

Yaya ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusar da ya saba, ya fita. Kafin sati ya ƙare ya bar garin. Ya canza lamba. Jefi-jefi yakan kira Mama da wayar aro, ya tambayi ƙafarta da hawan jininta, da ta ce ga babanku nan sai layin ya mutu. Shekara ta zagayo a haka, ta sake kamo hanya. Rigar tana nan a ƙusa, ba wanda ya sauke ta.

Wuri ɗaya ne kawai ban rasa shi ba, wato cikin wasan nan da Baba Ƙarami ya zaga. Wasa ne na intanet, mutane dubbai a duniya ɗaya ta almara, kowa da mutumin da yake sarrafawa. Akwai ƙabilu biyu da ba sa ga maciji: mutanen Dutse, maƙera masu fatar toka da ke cikin wani birni mai ganuwa a kan tsauni, da mutanen Fadama, masunta masu koren fata da ke bakin kogi. Kowace ƙabila tana riƙe da makin mutuncinka a wurinta. Ka yi musu aike makin ya hau, ka yi wa abokan gabarsu ya sauka. In ya sauka ƙasa da sifiri ka zama maƙiyi: masu gadin ƙofa su kashe ka da gani, duk abin da ka rubuta kuma ya fito wa 'yan birnin a matsayin gwaranci, ba harafi ɗaya da zai karantu. Ni da Yaya mun daɗe da zama 'yan gida a birnin Dutse. Ya bar ni a jerin abokansa bisa sharaɗi ɗaya: ranar da na kawo masa maganar gida, zai toshe ni.

Wani yammaci Baba ya shigo in yi masa kwafin zanen gado, ya tarar da wasan a buɗe. Ya tsaya a bayana ya tambayi wane ne wannan dogon mai jar alkyabba da ke buga guduma kusa da ni. Na ce Yaya ne. Ya jawo kujera. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lallai shi ne, ga yadda yake karkata kafaɗa in zai sauke guduma. Duk maƙeran wasan haka suke karkata kafaɗa, haka aka zana su. Ban gaya masa ba.

Ya tambaya ko mutum kamarsa yana iya shiga. Na ce ga mutuniyata nan a tsaye gaban Yaya, ya zauna ya rubuta abin da yake so. Ya girgiza kai, ya ce ba zai je wa ɗansa da fuskar aro ba. Sai na buɗe masa nasa a kwamfutar lungu. Da aka zo wurin suna ya ce in sa wanda aka san shi da shi, na rubuta Bakomai.

Abin ba wuya a lissafe. Sabon shiga yana farawa a bakin kogi da sifiri a wurin kowace ƙabila. Sai ya ɗan yi ƙarfi don kada namun dajin hanya su cinye shi, sannan ya haura tsauni, masu gadi su buɗe masa a matsayin baƙo. Na koya masa riƙe linzamin kwamfuta, wanda ya damƙa kamar zai goge katako da shi. Na ce abu ɗaya zai kiyaye: aiken masu shuɗiyar tuta kawai zai karɓa, su ne na Dutse. Masu koriyar tuta ko sun gaishe shi ya wuce. Ya ce to.

Makon ya zo daidai da lokacin da ɗalibai ke buga ayyukansu na ƙarshen zango, na buga shafi fiye da dubu huɗu, ban sami sukunin leƙa shi ba. Ina dai ganin ƙeyarsa a lungu kowane yammaci bayan sun rufe, yana danna madannai da yatsa ɗaya. Da ƙura ta lafa na je na buɗe shafin mutuncinsa. A wurin Dutse yana ƙasa da sifiri da maki dubu uku. A wurin Fadama kuwa har an fara ba shi kifi kyauta.

Na tambaye shi abin da ya faru da shuɗiyar tuta. Ya ce ya yi nasu ma. Amma akwai wata tsohuwa mai fito a bakin kogi, ita ta fara yi masa sannu ranar da ya zo bai san gabas ba, ta ce kwale-kwalenta yana yoyo. Shi kafinta, a ce masa jirgi yana yoyo ya wuce? Daga nan ta ce jikanta ya ɓata a cikin ciyawa. Daga nan maƙwabcinta ya ce komarsa ta yage. Duk wanda ya tsayar da shi sai ya tsaya.

Na ce a share wannan a buɗe sabo. Ya ce mutum ba ya gudun sunansa don ya ɓaci.

To, ni ba na zama ina kallon matsala. Na bincika na gano cewa a ƙasan tsaunin akwai wurin fasa dutse, inda wani shugaban leburori yake ba maƙiya aikin wahala su wanke kansu. Kowane aike maki ashirin da biyar, ba a wuce goma a rana. Ɗari biyu da hamsin ke nan kullum, kwana goma sha biyu an gama. Aiken Fadama ɗaya kuwa yana zaftare arba'in. Na zana masa hanyar a babbar takarda na manna a bango saitin idonsa: daga masauki zuwa kogi, a haye, a miƙe wurin fasa dutse, a dawo. Matsalar ɗaya ce, kuma ban ga girmanta ba sai daga baya. Ba a haye kogin sai a jirgin tsohuwar nan.

Haka muka shiga ɗiban ruwa da kwando. Ya ɗauki duwatsu goma a kai ya samu ɗari biyu da hamsin, a hanyar dawowa ya zubar da ɗari biyu. Wata rana ya ci riba hamsin, wata rana goma, wata rana ya tashi da ƙasa da abin da ya zo da shi. In ina tsaye a kansa yakan daure. Da mai kwafi ya shigo na juya baya, kafin in dawo Baba yana cikin ciyawa.

Na ce masa, "Baba, me kake nema a nan kuma?"

"Yaron nan ne ya sake ɓata."

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa yaron ba ya ɓata, an tsara shi ne ya ɓata. Kowace rana yana ɓata wa mutum dubu, kowa ya nemo shi, gobe ya koma. Baba ya saurare ni har na gama, ya jinjina kai, ya ce ashe baiwar Allah tana cikin wahala fiye da yadda ya zata.

A gida Mama ta sa shi gaba. Ta ce tsofai-tsofai da shi ya zama ɗan aiken kwaɗi, ita da ta ce ya gyara mata ƙafar tebur tun bara ga shi nan da bulo a ƙarƙashi, da ta san haka ne da ta shafa koren fenti ta tsaya bakin rijiya. Ya yi dariya, washegari ya gyara teburin. Amma wani lokaci da take zaton ba na ji, na ji ta ce masa a hankali: ɗan da ka kasa tsaya wa a gaban idonka, shi za ka bi cikin allo? Baba Ƙarami ma ya samu labari, ya riƙa ce wa masu kawo aiki cutar ɗan ce ta kama uban. Baba ya ci gaba da goge katakonsa.

Watanni suka shuɗe, makin yana hawa kamar tururuwa mai ɗauke da ƙwaya. Hannunsa ya saba da linzami, har ya daina neman harafi yana motsa baki. Wani lokacin in ya gama ɗaukar duwatsu yakan ce in juyo masa allona ya ga abin da Yaya yake yi. Ya kalle shi yana ciniki, yana hura wuta, yana zaune bakin rijiyar kasuwa ba ya komai. Ya tambaye ni ko yana da abokai, na ce da yawa. Ya ce madalla. A wurin Fadama kuwa Baba ya kai matakin ƙarshe, Ɗan Gida, wanda cikin 'yan wasa ɗari da kyar ka samu uku sun kai, don ba mai ɓata lokacinsa a kan masunta. Suka ba shi hular kaba da wani ɗaki a bakin ruwa. Abin da yake nema a wurin Dutse ya rasa, shi ya samu a inda ba ya so.

Wata Litinin da yamma Yaya ya rubuto min. Ya samu aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, wata da watanni a teku, ba intanet ɗin kirki. Ranar Asabar zai rabar da kayansa na cikin wasan ya goge shi. Ya ce in kula da Mama.

Na duba makin Baba: saura dubu ɗaya da ɗari huɗu. Na buga lissafin sau uku ko zai canza, bai canza ba. Ko bai kalli tsohuwar nan ko sau ɗaya ba, zai iso Asabar da saura ɗari da hamsin. Hanya ɗaya ta rage, kuma na daɗe da saninta ina ɓoyewa. In maƙiyi ya kusa wanke kansa, shugaban leburorin yakan ba shi babban aike guda: ya miƙa masa wuta ya ce ya je ya ƙona jirgin fito. Maki ɗari biyar a take.

Na gaya wa Baba maganar tafiyar Yaya kawai, ban gaya masa ta wuta ba. Na riƙa rufe shago da wuri ina zama a gefensa. Ya bi tsarina sak. In ya shiga jirgin tsohuwar ta fara yi masa magana, sai ya kawar da fuskarsa daga allon ya kalli fanka har a kai gaci. Ban taɓa ganinsa a gajiye haka ba, ko ranar da suka kwana uku suna haɗa kujerun makaranta.

Ranar Asabar bayan azahar ya ajiye dutsensa na goma. Saura ɗari da hamsin, kamar yadda na faɗa. Shugaban leburorin ya miƙo wutar, Baba ya karanta rubutun a hankali har ƙarshe, ya juyo ya dube ni. Na ce e, ita ce kaɗai hanya. Ya karɓa, ya gangara bakin kogi, ya tsaya gaban jirgin da shi da kansa ya toshe wa yoyo fiye da sau ɗari. Tsohuwar ta ce abin da take ce masa kullum: sannu da zuwa, ɗan gida.

Yatsansa yana kan linzami. Na ce dannawa ɗaya ce. Ya tambaya in ya ƙona wa zai fitar da masu zuwa bayansa. Na ce jirgin zai kasance nan ga kowa, shi kaɗai ne zai riƙa ganinsa a ƙone. Ya ce to ai shi ɗin ne yake gani. Na miƙa hannu in danna masa, ya riƙe min wuyan hannu, ba da ƙarfi ba.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Idona a kan allo na ce, "Baba, wannan zane ce. Wancan ɗanka ne. Wai nawa Baba Ƙarami ya ce ranar kabad ɗin nan?"

"Tamanin da huɗu," ya ce, bai ko yi tunani ba. "Bangon tamanin da tara ne. Na ji lokacin da ya faɗa, na ɗauka kunnena ne."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce ranar da mahaifiyarsu za ta rasu ta kamo hannun ƙaninsa ta sa a nasa. In ya kunyata shi gaban jama'a, shagon ya tsage biyu, gidan ma haka. Na tambaye shi, shi Yaya fa?

"Shi ai nawa ne, Akawu. Na ɗauka naka shi ne wanda za ka iya dannewa ya yafe."

Ya daɗe a tsaye bakin ruwan. Fanka tana ta ƙara, wani ya ƙwanƙwasa ƙofar shago ya gaji ya tafi. Can Baba ya danna, amma ba inda na nuna masa ba. Ya jefa wutar a kogi. Mutanen Dutse suka zaftare masa wani ɗari na saɓa alkawari. Ya juya, ya wuce wurin fasa dutse bai tsaya ba, ya kama hanyar tsauni.

Na koma kwamfutar da ke gefensa na shiga da tawa mutuniyar, na hau kan ganuwa. Daga can na hango shi ƙarami a ƙasa, da hular kabarsa da sulken da ya tara kuɗi wata biyu kafin ya saya, yana tahowa a hankali takobi a kube. Masu gadi suka yi kansa, sara biyu ya faɗi. A wasan in ka mutu sai ka tashi a matsayin fatalwa a maƙabartar gindin tsauni, ka tako har inda gawarka take ka koma cikinta. Ya tako, ya tashi, ya ƙara taku uku, suka sake sare shi.

A karo na huɗu 'yan wasa sun fara taruwa a kan ganuwa. Wani ya rubuta wa duk birnin cewa a zo a ga wani mahaukacin masunci yana ba masu gadi motsa jiki. Wasu suna jefa masa furanni, wasu suna caca a kan taku nawa zai yi. Cikin masu hawowa na ga jar alkyabba. Yaya ya zo ya tsaya a gefena, ya leƙa ƙasa, inda sunan yake rubuce a saman hular kaba.

Na ce wa Baba a hankali, yana kallonka.

Baba ya tashi daga gawarsa a karo na shida, ya tsaya nesa kaɗan da inda masu gadi ke kaiwa, ya fara rubutu da yatsa ɗaya. A allona abin ya fito gwaranci, ƙugiyoyi da ɗigo-ɗigo, 'yan kan ganuwa suka fashe da dariya. Na karkata na leƙa nasa allon. Ya rubuta: Tamanin da huɗu ya ce maka. Ka yanka daidai.

Ya sake rubutawa, ya sake. Duk gwaranci.

Na san sharaɗin da ke tsakanina da Yaya, na kuma san ba gobe. Na kwafe maganar harafi da harafi na tura masa, na ce abin da Baba yake faɗa ke nan. Na jira ya toshe ni. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Na san nawa aka ce min," ya rubuto. "Ba ni zai gaya wa ba. Wanda zai gaya wa yana nan ƙofa biyu da ku."

Baba ya ga shiru, ya ɗauka sai ya matsa kusa za a ji shi. Ya taka, suka sare shi na bakwai. Sai wani saƙon ya shigo.

"Ki ce masa ya riƙa cire sulken kafin ya iso ƙofa. Duk mutuwa lalata shi take yi, gyaransa da wuya."

Daga nan jar alkyabba ta ɓace daga gefena, ɗigon da ke jikin sunansa ya koma ruwan toka, alamar ya fita daga wasan.

Na karanta wa Baba duka biyun, ban rage komai ba. Ya ce in maimaita na biyun, na maimaita. Ya zauna hannuwansa a kan gwiwa, fatalwarsa tana tsaye a maƙabarta tana jira. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya fita. Na bi shi.

Baba Ƙarami bai tashi ba tukuna, yana kan injin yana yanka ƙafafun benci. Baba ya shiga ya tsaya a gabansa, daidai ƙarƙashin ƙusar da rigar Yaya take. Na tsaya a bakin ƙofa. Baba Ƙarami ya kashe injin, ya ɗaga gilashin idonsa sama, ya dubi yayansa. Shi ma ya tsufa, ban lura ba sai ranar. Gashin kansa ya yi fari a ƙarƙashin garin katako, hannunsa na hagu yana ɗan rawa.

"Lafiya, Malam? Ko kwaɗin sun kore ka?"

Baba ya buɗe baki. Ya dubi hannun nan mai rawa.

"Ba komai," ya ce. Ya sunkuya ya ɗauki ƙafar benci ɗaya ya riƙe masa bakinta, Baba Ƙarami ya kunna injin.

Har yanzu yana zuwa shagona in sun rufe. Na cire takardar hanyar daga bango, na daina tsayawa a kansa, amma ban iya daina duba makin ba. Ya sake komawa ƙasa da sifiri da maki dubu. Yakan ɗauki duwatsunsa goma, ya nemo wa tsohuwa jikanta, ya toshe jirgi. Kafin ya tashi yakan tambaye ni ko ɗigon ya canza launi, in ce a'a. Sai ya haura tsaunin duk da haka. In ya kusa ƙofa ya tsaya a gefen hanya, ya cire sulken ɗaya bayan ɗaya, hula, riga, takalmi, ya jera su a jaka, sannan ya ƙarasa.